Ranar da ta ture kwanon tuwo

Bayan sadakar arba'in ɗin ƙanwata a Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, dangi suka zauna a zaure suka ba ni riƙon 'yarta mai shekara 4. Uban yana raye, amma neman abinci ya kai shi kudu, kakar kuwa ƙafa ta hana ta ko ɗibar ruwa. Muka hau mota zuwa Gwarzo, yarinyar na kan cinyata rungume da baƙar leda mai ɗauke da riguna 3 da silifas. Har muka sauka a tasha ba ta ce uffan ba.

Wata 5 ta yi a gidana ba ta yi kuka ba, ni kuma na riƙa alfahari da hakan. Duk matar da ta shigo sai na nuna mata ita in ce ga yarinya mai hankali, ba ta ƙiriniya, ba ta ƙorafi, abin da aka zuba mata shi take ci. Har gori nake yi wa 'ya'yana da ita. In aka ce zauna, nan za a dawo a same ta. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin abin da nake kira hankali tsoro ne zalla. Yarinyar ta ɗauki kanta baƙuwa, kuma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ledar nan ba ta taɓa yarda an kwance ta ba. In na wanke rigunan na jera a kwaba tare da na sauran yara, da dare sai ta kwashe ta mayar, ta ƙulle, ta kwana da ita a gefen kai.

Wata safiya ina shara na ji tsami na tashi daga ledar. Na buɗe na tarar da guntun tuwo ya yi funfuna, da ƙuli-ƙuli, da rabin ƙosai. Raina ya ɓaci, don na ɗauka za a ce ina barin marainiya da yunwa, kuma kun san bakin mutane a kan mai riƙo. Na yi mata faɗa sosai, na zubar da komai a gabanta. Ta tsaya tana kallona ido a bushe. Surukata ce ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke kina tsoron abin da za a faɗa, ita tana tsoron ranar da za a mayar da ita. Guzuri take yi." Daga ranar na riƙa ajiye mata gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ɗan kwano mai murfi, na ce nata ne, ba mai taɓawa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi. Na hana a ambaci uwarta a gidan, wai don ta manta, har na so a rubuta sunan maigidana a bayan nata da za a sa ta Islamiyya. Malamin ya ƙi. Ya tuna mana cewa Suratul Ahzab ta umarci a kira yaro da sunan ubansa, har Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a hannun Annabi (SAW), aka mayar masa da nasabarsa. Ya ƙara da cewa 'yar riƙo ba ta gādon mai riƙonta, in muna son ta da alheri mu yi mata kyauta tun muna raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Na fito ina jin haushinsa, ina ganin ya sa katanga tsakanina da ita. Ashe ni ce nake ginin katangar, don yarinyar da aka hana ta faɗin sunan uwarta ba za ta saki jiki da wanda ya hana ta ba. Da daddare na ɗauko hoton ƙanwata na ranar aurenta na ba ta, na ce, "Ga Mamanki, ni na goye ta tana kamar ke." Ta daɗe tana shafa hoton da yatsa.

Ana cikin kaka, an shigo da sabuwar dawa, na yi tuwo da miyar kuka. Na ajiye mata, sai ta sa hannu ta ture kwanon, ta turo baki ta ce ita ba ta son kuka, kuɓewa take so. Wani yayanta cikin yaran gidan ya yi mata dariya, ta ɗauki silifas ta jefe shi, sannan ta ɓare baki da kuka mai ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ta rugo ta cusa kai a zanina tana cewa, "Umma, kin gan shi ko!" A da Inna take ce mini, shi ma can ƙasa-ƙasa. Na zauna a bakin murhu na rungume ta, ina kuka tana kuka, miyar na ƙonewa.

Kwana biyu bayan haka na ga ledar a tsakar gida, ta cika ta da ƙasa suna wasan 'yar tsana da ƙawayenta, rigunan kuma a watse a ɗaki sai da na yi ta faɗa kafin a tattara. Yanzu duk ƙaramar Sallah muna hawa mota mu je Garo gaishe da kakarta. Bara da la'asar ta yi, ita ce ta ja mayafina ta ce, "Umma, mu tafi gida kada dare ya yi."