Noti Goma

Duk wanda ya taso a Arewa a shekarun 1980 da 1990 ya san ƙarar Peugeot 504 ko da idonsa a rufe yake. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya a tasha, ita ce ta kai amarya. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya masana'antar da aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1975 ta shiga harhaɗa ta, har ta zama 'yar gida, sunanta ma ya koma Fijo a bakin mutane. Tamu, Baba ne ya saya da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, kafin a haifi biyu daga cikinmu. Yanzu da ganinsa ya yi rauni ya daina tuƙi, ita ke kai shi asibiti duk wata, ita ke ɗauko buhunan masara daga gona. Ba mu da wata.

A tsakiyar zafin bazarar bana ta fara shan ruwa. A cika lagireto da safe, kafin azahar ya yi ƙasa, kuma ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙarƙashinta. Sai farin hayaƙi ya fara fita ta salansa ko bayan injin ya yi ɗumi. Da muka buɗe murfin lagireto da sanyin safiya muka tayar da ita, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya. Muka zaro sandar auna baƙin mai, muka tarar man ya koma kalar shayi da madara. Baba ya ce a miƙo masa sandar, ya murza man a yatsunsa, ya shinshina, ya ce, "Gaskit ya ƙone. Kada wanda ya sake tayar da ita."

Abin da bakanikai ke kira tof gaskit wani siririn faifai ne da ke kwance tsakanin gangar injin da kanta, wato tof silinda. Abu uku yake rabawa waɗanda ba sa ga maciji da juna: wutar da ke tashi a kan fistan, ruwan sanyaya injin, da baƙin mai. Gangar injin 504 ta baƙin ƙarfe ce, kan kuwa na alminiyam, kuma alminiyam ya fi saurin buɗewa idan ya ji zafi. Idan injin ya tafasa, kan yakan ɗan lanƙwashe, faifan ya rasa matsi a wani gefe, wuta ta sami hanya ta ci shi. Shi kansa faifan ba shi da tsada. Isa inda yake, shi ne aikin.

Sai da muka yi kwana biyu ana muhawara. Yaya ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a huta, mota ta girmi matarsa. Auta ya ce a kai gareji. To amma tsohon bakanikenmu da ya san Fijo ciki da waje ya rasu, yaran da suka gaje shi kuma sun fi sabawa da motocin Japan da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ba raini ba ne, zamaninsu ke nan. Ita kuwa 504 tana da wani hali da in mutum bai sani ba, ƙaramin gyara sai ya koma sauke inji. Inna ce ta yanke magana daga bakin murhu: "Ku uku maza, ga mahaifinku da ya yi shekara talatin yana kwance ta yana ɗaurawa. Ku ara masa idanunku mana."

Muka tura ta ƙarƙashin darbejiya, aka shimfiɗa wa Baba tabarma kusa da tayar gaba. Cire batir, zubar da ruwa da mai, kwance kafireta da bututun salansa da wayoyin fulogi, duk wannan bai ci mana rabin yini ba. Auta yana ɗaukar hoton komai da waya kafin a taɓa shi. Sandunan nan takwas masu tura bawul, Baba ya sa muka huda kwali muka soke kowace a jere, don kowace ta koma ramin da ta saba da shi. A nan ma muka ji cewa Faransawa daga baya suke fara ƙidayar silinda, ta wajen giya, ba daga gaban mota ba.

Halin da muka ambata shi ne wannan. Fistan ɗin 504 ba a cikin gangar injin kai tsaye suke gudu ba. Kowane yana cikin nasa bututun ƙarfe, silif, wanda zaunar da shi kawai aka yi, ruwa na zagaye shi, kan injin ne ke danne shi daga sama. Idan ka kwance notunan nan goma ka ɗaga kan tsaye, silif yana iya mannewa ya biyo shi. Ko ɗan motsi kaɗan ya yi, abin da ke toshe gindinsa ya saki, ruwa zai riƙa zuba cikin baƙin mai komai kyawun sabon gaskit ɗinka. Don haka ba a ɗagawa, gurgusawa ake yi gefe har ya rabu da tsohon faifan. Da ya sauka, muka danne silif huɗun da manyan wasa da noti. Baba ya cire makullin motar ya sa a aljihunsa, ya ce wa Yaya, "Babba, ko tura ta aka yi tana cikin giya, fistan zai ɗago silif. Ka sa ido a kan yaran gidan nan." Jikoki kuwa suna ta zagaye mu kamar ana yanka rago.

Tsohon gaskit ya nuna inda ya ci, wata baƙar hanya siririya tsakanin silinda ta uku da ramin ruwa. Saman wannan fistan ya fi sauran haske, tururi ya wanke shi tas.

Abu ɗaya ne ba a iya yi a gida. Mun kankare kan injin a hankali, don alminiyam ba ya son kaifin ƙarfe, muka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo, sai ga haske yana ratsawa ta tsakiya. Ratar ba ta fi kaurin silin gashi biyu ba, amma ta isa ta ƙona sabon faifai cikin 'yan makonni. Muka ɗaure shi a bayan babur zuwa wurin masu injin fiƙe ƙarfe. Baba ya ja kunnenmu cewa a ce musu su ɗebi iya abin da zai daidaita shi kawai, don kan inji ba tuwo ba ne da za a ƙara idan ya ragu. A Panteka muka samo gaskit. Wani mai shago ya ajiye mana guda biyu, farashinsu kamar sama da ƙasa, yana rantsuwa duk ɗaya ne. Muka ɗora kowane a kan tsohon da muka je da shi. Mai arahar, ramukan ruwansa biyu ba su hau daidai ba.

Yawancin masu wannan gyaran a nan suke tsayawa, shi ya sa za ka ji ana cewa an canza gaskit sau uku a shekara. Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, akwai abin da ya sa injin ya tafasa. Mai gyaran lagireto ya buɗe tamu a gabanmu, kusan rabin siraran bututunta sun toshe da farar ƙasa, irin wadda ke taruwa a gindin butar shayi. Shekaru ke nan ruwan rijiya take sha. Murfinta ma ya saki, alhali matsin da murfi ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa da wuri.

Ranar ɗaurawa ba wanda ya yi hira. Mun tsane ramukan noti da tsumma, don ruwa ko mai a gindin rami yana sa noti ya yi kamar ya ɗauru alhali bai danne komai ba, wani lokaci har ya tsaga ganga. Muka aro sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Noti goma ne, kuma ba a bin su a jere. Daga tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa ana faɗaɗawa zuwa gefuna, mataki-mataki, yadda faifan zai baje ba tare da ya tattare ba. Yaya na ɗaurawa, Baba na ƙirgawa da baki, in ya ji an yi gaggawa sai ya buga sandarsa a taya. Daga nan aka saita bawul injin yana sanyi, milimita 0.10 na shigar mai, 0.25 na fitar hayaƙi.

Ta tashi a murɗawa ta uku. Ta yi hayaƙi na ɗan lokaci, ragowar ruwan da ke cikin salansa, sannan ya ɗauke. Baba ya sa aka kama hannunsa aka ɗora a kan murfin injin, ya daɗe yana saurare, ya ce bawul ɗaya na baya yana ɗan surutu, a bar shi tukuna. Mun canza baƙin mai bayan kwana uku don ya kwashe sauran ruwan da ya gauraya da na da, lagireto kuma yanzu ruwan sanyaya inji na galan take sha.

Saura sake ɗaure notunan idan ta yi tafiyar kilomita 1,000, lokacin da faifan zai gama zama. Auta ya rubuta lambar da gawayi a bangon zaure. Zuwa asibiti biyu da gona ɗaya, mun ci 340.