Na'urar da Ba Ta San Darajar Kwabo Ba

A shekarar 1888 kamfanin Thomas Adams ya kafa na'urorin sayar da cingam a tashoshin jirgin ƙasa na birnin New York, a Amurka. Na'urori masu hannun murɗawa da suka biyo baya, har da na alawa, faɗin kwabo kaɗai suke aunawa. In kwabon ya cika raminsa, sai ya ɗaga ɗan harshen ƙarfen da ke tokare da faifai, hannu ya juya, alawa guda ta faɗo. In ya gaza, harshen ya cije. Don haka guntun ƙarfe mai faɗin kwabo kan yaudare su. Haka ɗalibi mai hadda kan yaudari malamin da ke auna siffar amsa, ya bar ma'anarta.