Kwabo Tara a Littafin Akawu

A shekarun da suka biyo bayan canjin kuɗi na 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam da sule, an yi wani dattijo mai koyar da aikin akawu a wata makarantar kasuwanci a Kaduna. Samari yake shiryawa don jarrabawar R.S.A. ta Ingila, wadda a zamanin nan takardarta kan buɗe wa yaro ƙofar banki ko ta kanti.

Tsarin da yake koyarwa daɗaɗɗe ne, gama tun a 1494 Luca Pacioli ya buga bayaninsa a ƙasar Italiya. Kowane ciniki sai a shigar da shi sau biyu, hagu da dama, in wata ya ƙare a tara kowane gefe, tilas su zo daidai.

Ran nan ɗalibinsa mafi hazaƙa ya yi ta fama da aikin gwaji, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya da kwabo 9. Magariba ta kawo jiki, 'yan'uwansa sun watse. Sai ya ƙago layi guda, ya rubuta "kuɗin kan sarki, kwabo 9", lissafi ya daidaita, ya miƙa.

Kallo ɗaya malamin ya yi ya gane, domin duk tsohon akawu ya san bambancin da ke rabuwa da 9 galibi juyin lamba ne, a rubuta 54 a gurbin 45. Ya ba shi sifiri. Wani yaro kuwa, wanda ya rubuta a ƙasan shafinsa cewa lissafin ya ƙi daidaita, ya ba shi rabin maki.

Kashegari uban yaron ya zo a fusace.

"Haba Malam, a kan kwabo tara?"

"Alhaji," in ji malamin, "da ɓatawa ya yi da na gyara masa. Rufewa ya yi. Gobe kuɗin marayu za a damƙa masa."

Waɗansu malaman makarantar sun ga ya tsananta. Suka ce tarbiyya aikin gida ne da makarantar allo, masu duba jarrabawa kuma lamba kawai suke dubawa. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma gida yakan ce wa yaro kada ya yi sata ne kurum, ba ya nuna masa kamannin da sata take zuwa da su a kan teburin akawu, inda ba a fasa akwati, sai dai maigida ya sunkuyo ya ce, "Gyara mini wannan kafin odita ya zo." Wanda ya san sana'ar shi ya san wannan siffa.

Yaron ya kwana biyu yana bin rasit ɗaya bayan ɗaya har ya gano kuskuren a shafi na uku. Da ya ɗauko abin gogewa zai share layin ƙaryar, malamin ya riƙe hannunsa. Ya sa shi ya ja masa jan layi guda, yadda rubutun zai karantu, ya kuma sa hannu a gefe.