Monako: garin da titunansa ke zama fagen tsere

Matafiyin da ya bar birnin Nis, a kudancin Faransa, ya bi bakin teku ya nufi gabas, bayan kamar kilomita 20 zai iske Monako. Ƙasa ce ƴar ƙarama, faɗinta wajen murabba'in kilomita 2, an matse ta tsakanin dutse da Bahar Rum. Da yake babu fili, gidaje sama suke tafiya, bene kan bene. Gidan sarautar Girimaldi ya kafu a nan tun 1297, kuma tun 1869 aka daina karɓar harajin albashi da riba daga hannun mazauna. Shi ya sa attajiran duniya suka yi mata ca, jiragen ruwansu na shaƙatawa suka cika tasha.

Sau ɗaya a shekara, akan rufe titunan da ma'aikata ke bi zuwa aiki, a gitta shingen ƙarfe, gari ya koma fagen tseren motoci. Tun 1929 ake haka. Hanyar takan tashi daga tasha, ta hau tudu zuwa gidan caca na Monte Karlo, ta gangaro ta wata kwana mai tsanani, ta shige ƙarƙashin wani otel, ta fito bakin ruwa. Kuskure kaɗan, sai bango. A 1955 Alberto Askari ya faɗa cikin teku da motarsa, ya fito da rai. A 1967 Lorenzo Bandini ya ƙone kusa da wurin, ya rasu bayan kwana 3.

Ranar lahadi 19 ga Mayu 1996, ruwan sama ya sauka kafin a fara tsere. Motoci 21 suka jeru. Mika'el Shumaka, wanda ke kan gaba da Ferrari, ya daki shinge tun zagayen farko. Demon Hil ya riƙe gaba har wajen zagaye na 40, sai injinsa ya mutu a cikin ramin. Jan Alezi ya gaje shi, shi ma motarsa ta gaza.

Can baya, daga matsayi na 14, wani Bafaranshe mai suna Olibiye Panis ya taso. Motarsa ta kamfanin Ligier ce, wanda rabonsa da nasara tun 1981, kuma makomar ma'aikatansa na cikin duhu. Da kwalta ta fara bushewa, Panis ya sauya tayoyi a daidai lokaci, ya kutsa ya wuce Edi Irbin a kwanar nan mai tsanani, sannan ya yi ta lallaɓa ɗan man da ya rage. Da awa 2 ta cika, aka tsai da tseren a zagaye na 75 maimakon 78. Motoci 3 kaɗai suka kai ƙarshe: Panis, Debid Kultad da Joni Habat. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Yarima Reniye na 3 ya miƙa masa kofi. Wannan ce nasarar Panis guda a Formula 1, kuma ta ƙarshe ga Ligier, wanda Alen Purost ya saya a 1997. Sai a 2020 wani direban Faransa, Piyer Gasli, ya sake cin tsere.

Da yamma takan yi, akan buɗe tituna. Tasi da motocin kaya su koma bin kwanar da zakarun duniya suka kasa sha.