Darasin Kufai

Ranar da na haƙa rami a tsakiyar gayaunata na cinna wa totuwar masara wuta, masu wucewa a kan hanyar Karakkai sun tsaya suna kallona kamar wanda ya zautu. Wani dattijo ya jingine kekensa, ya tambaye ni ko digirin da na je nema na sana'ar gawayi ne. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina.

Na dawo gida bayan hidimar ƙasa ba tare da takardar ɗaukar aiki ba. Mahaifina bai yi mini gori ba. Ya kai ni wata 'yar gona a bakin gari, ya ce, "Ga gayauna nan, ka gwada karatunka a kanta." Jigawa ce da ta gaji. Tun da rashin tsaro ya raba manoma da yawa a Zamfara da gonakinsu na nesa, sai nauyin ya koma kan na kusa da gari, ana noma su kowace shekara ba hutu. Takin zamani kuwa ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara masa kuɗin dako. A wannan gayauna, ko an kwana ana ruwa, kafin la'asar saman ƙasa ya bushe kamar ba a yi ba.

A jami'a na fara jin labarin baƙar ƙasar dajin Amazon da ke Barazil. Mutanen da suka zauna wurin tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa sun riƙa zuba gawayi da toka da ƙasusuwa da fasassun tukwane a kewayen gidajensu, kuma har yau ƙasar wurin ta fi ta maƙwabtanta albarka. Daga nan masana suka mai da hankali ga gawayin noma. Idan aka ƙona kara ko totuwa ko ɓuntun shinkafa ba tare da iska ta wadace su ba, ba sa zama toka. Suna zama gawayi mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar soso. Waɗannan ƙofofi su ne ke riƙe ruwa da sinadaran taki, su zama maɓoyar ƙananan halittun da ke raya ƙasa. Gawayin yana rage tsamin ƙasa, kuma ba ya ruɓewa da wuri, yana iya daɗewa shekaru aru-aru. Amfaninsa ya fi fitowa a ƙasa mai rairayi irin tamu.

Na bi hanyar ramin da wata cibiyar bincike ta Ithaka a ƙasar Suwizalan ta yayata a 2014: rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a kunna wuta a ƙasa, duk lokacin da farar toka ta fara bayyana a ƙara wani shimfiɗin totuwa, harshen wutar da ke sama ya tare iska, in rami ya cika a kashe da ruwa. Na samu gawayi mai kyau, na daka, na barbaɗa shi a rabin gayauna, na shuka dawa. Ina ji a raina cewa na zo wa garinmu da sabon abu.

Bayan noman farko, dawar da ke ɓangaren gawayi ta yi rawaya, ta tsaya cak, wadda ban sa wa komai ba ta wuce ta. Irin da na ɓata daga rumbun Baba ya fito, totuwar da na ƙone kuma ita ce Inna ke girki da ita. Ba wanda ya ce mini uffan a gida, shirun kuwa ya fi zagi ciwo.

Da kaka ta yi, wata safiya Baba ya ce in bi shi. Muka je wani tsohon kufai da aka mayar gona tun kafin a haife ni. Ya sa fartanya ya tono ƙasa, ya damƙo ya miƙo mini. Baƙa ce, mai laushi, da ɓarɓashin gawayi da katangar tukunya a ciki. Ya ce, "Ka san abin da ya sa kowa ke son gonar kufai? A nan aka yi murhu, a nan aka zuba shara, a nan aka ɗaure awaki. Gawayinka da yunwa ka kai shi gona, shi ya sa ya cinye abincin dawa."

Na tsaya riƙe da ƙasar nan ina jin kunya. Abin da ya faɗa yana cikin takardun da na karanta, ni ne na tsallake shi don gaggawa: sabon gawayi yakan fara zuƙe sinadaran da ke cikin ƙasa, musamman naitirojin, sai an ƙosar da shi da taki kafin a kai shi gona. Na je neman baƙar ƙasa har Barazil, alhali tana nan bayan garinmu, Baba kuma ya san sirrinta ba tare da ya taɓa jin sunan Amazon ba.

Da rani na sake shiri. Na yi wa Inna alkawarin barin mata totuwarta, na koma neman ɓuntu da ɓawon gyaɗa da karan da dabbobi suka ci suka rage. Gawayin da na samu na shimfiɗa shi a turken awaki, ya sha fitsari da kashi har tsawon makonni. Ban barbaɗa shi ko'ina ba, domin ba shi da yawa. Na zuba tafi guda a kowane ramin shuka, kamar yadda manoman Nijar ke sa taki a ramukan tassa, dabarar da marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya yi suna da farfaɗo da ita.

A damina ta biyu, dawa na kai gwiwa sai ruwa ya ɗauke fiye da mako biyu. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 suka fara duban gabas suna shiru, aka fita roƙon ruwa. Kullum da rana ganye kan naɗe a gayauna duka, amma da asuba na ɓangaren gawayi ne ke fara warwarewa. Na tura yatsa gindin shuka na ji sanyi, a ɗaya ɓangaren kuwa sai ƙura. Da Allah ya saukar da ruwa, wannan ɓangare ya miƙe, ɗayan sai da na yi masa dashe a wurare da dama. Ranar ɗaurin dami, Baba ya ƙirga na nan ya ƙirga na can, ya gyaɗa kai.

Ba zan ce na gano maganin fari ba. Gawayi ba ya kawo hadari, 'yan kwanaki kawai yake ƙara wa shuka ta jira shi, kuma damina ɗaya a gayauna ɗaya ba ta isa hujja ba, domin takin awaki ma ya yi nasa aikin. Akwai kuma abin tsoro: duk wanda ya sare gawo ko ƙirya don yin gawayin noma ya rushe ɗaki ne don ya gyara danga. Kara ma yana da masu jiransa, ga dabbobi, ga darni, ga ƙasar da ke buƙatar rufi daga iskar hunturu. Abin da ya dace da ramin shi ne ragowar da aka saba cinna wa wuta lokacin sharar gona, hayaƙinta ya tashi a banza.

Bana na raba gayauna uku, domin in bambance aikin gawayi da na taki, ina rubuta komai a littafi. Dattijon nan mai keke ya sake tsayawa makon jiya. Ya daɗe yana duban ramin, sannan ya ce, "Ɗana, zurfinsa kamu nawa ne?" Na miƙa masa fartanya, muka auna tare.