Neman Wasan da Kowane Asiri Ke da Makarinsa

Litinin
'Ya'yan yayata na hutu a gidanmu na Unguwar Sarki, kuma bayan Isha'i wasan labari muke yi a zaure: ni ke jan zaren, kowa da jaruminsa, ƙwayar ludo ta raba gardama. Jiya wasa ya watse. Autan ya ce jaruminsa na da layar zana, ya ɓace, ya ratsa bango, har ya tashi sama. Babbar ta ce, "Kawu, to mu me ya rage mana?" Gaskiyarta. Tsari nake nema wanda labari ke gaba, amma kowace baiwa da iyakarta a rubuce.

Talata
Na fara da wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Komai a fayyace, sai dai lissafi da faɗa sun danne labari. Fate Core na 2013 kuwa ya saki linzami, ɗan wasa ke rubuta siffofin jaruminsa da kansa. Da autanmu, sai mu kai asuba muna musu.

Laraba
Ars Magica na 1987, na Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen, shi ya hana ni barci. Ayyuka 5 ne: ƙirƙira, ganewa, sauyawa, rusawa, sarrafawa. Abubuwan da ake yi wa aikin kuma 10, irin su wuta, ruwa, dabba, jiki da hankali. Mai son hura wuta sai ya haɗa ƙirƙira da wuta, gwargwadon makinsa a kowanne. Wanda bai iya hankali ba, ba zai leƙa zuciyar kowa ba ko ya kwana yana roƙo. Abin da nake nema ke nan! Vampire: The Masquerade na 1991 ma ya jera baiwa mataki-mataki, amma labarin masu shan jini ba na yara ba ne.

Alhamis
Duka biyun ƙwaya mai fuska 10 suke so. Na zaga Kasuwar Gumi, ta ludo kawai na samu. Sai Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010, ya fisshe ni. Littafin na manya ne, ƙa'idar kawai zan ara: ƙwaya biyu masu fuska 6. In an ci 10 ko fiye, buƙata ta biya. 7 zuwa 9, ta biya amma da asara. 6 zuwa ƙasa, sai abin da mai labari ya yanke.

Juma'a
Na dawo daga Masallacin Sultan Bello na tarar Hajiyar gidanmu ta ga ƙwayoyin. "Ba dai caca ba?" Na ce ko sisi ba a sawa, kuma yaran sun san tatsuniya ce, ana ƙurunƙus an gama. Sai ta ce ai a labaran da kakarta ke ba su, babu ɗan taurin da ba shi da makari, babu mai rikiɗa da ba a gindaya masa sharaɗi ba.

Asabar
Na yanka kwalin sukari, kowace baiwa layi uku: abin da take yi, abin da ya fi ƙarfinta, abin da ke karya ta. Sagau na sandarar da hannu ɗaya tak. Mai rikiɗa kura ba ya magana sai alfijir. Babbar ta ci 8, ta rikiɗa, amma karnukan gari suka shinshino ta.

Lahadi
Tun 2002 Atlas Games suka buga Nyambe, wasa kan tatsuniyoyin Afirka, da Turanci. Marubutanmu na Kaduna da Kano, ga Gizo, ga Dodo, ga 'yan tauri. Ku rubuta mana namu da Hausa, wanda ƙwayar ludo biyu za ta ishe shi.