Ziyarar Yola da Jimeta: Ƙasar Noma Ma Tana Bukatar Likita

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taso daga Gombe ya nufi Yola cikin watan Janairu, in dai ba barci ya kwashe shi a mota ba, zai lura da yadda ƙasa take sauya launi tun kafin a iso Numan, inda kogin Gongola yake zuba cikin Binuwai. Jar ƙasa da tsakuwa sukan ƙare, sai mutum ya faɗa cikin wata irin baƙar laka wadda ta dare ta yi tsaga-tsaga, wata tsagar ma hannun babban mutum zai shige. Abin mamaki kuwa shi ne, a kan wannan busasshiyar laka za ka hangi dawa tsaye da zangarniyarta, alhali rabon da a ga ruwan sama tun Oktoba. Wannan ita ce masakwa, wadda akan dasa bayan ɗaukewar damina, ta rayu da laimar da lakar ta riƙe a cikinta har a girbe ta da rani. Irin wannan ƙasa ce kuma kamfanin sukari na Savannah yake noman rake a kanta kusa da Numan, da ruwan madatsar Kiri wadda aka gama a 1982.

Na ɗauko zancen daga nan ne domin abin da ya kai ni Adamawa ke nan, watau in ga inda aka kwana wajen koyar da ilmin ƙasar noma da binciken lafiyarta. Sunan garin ma kansa daga ƙasa ya samo asali. Masana Fulatanci sun ce Yola daga kalmar yolde take, watau tudu, kuma a kan wannan tudu da ke gefen fadamar Binuwai ne Modibbo Adama ya kafa hedkwatarsa a 1841. Fulanin wannan yanki suna kiran baƙar lakar masakwa karal, ƙasar da ta ƙeƙashe ta ƙi shan ruwa kuma harde, kamar dai yadda Bahaushe ya bambanta jigawa da fadama da fako. Ashe tun kafin a kawo ɗakin gwaji, manomanmu suna da nasu ilmin rarrabe ƙasa.

Yola gari biyu ne. Akwai tsohon gari inda fadar Lamiɗo take, akwai kuma Jimeta a bakin kogi, wadda ta girma saboda jiragen ruwa da suke haurowa da damina a zamanin Turawa, su sauke haja su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 sai ofisoshin gwamnati suka cika Jimeta, haka kuma aka ci gaba bayan an yanke Jihar Adamawa a 1991. Da sassafe na tsaya kan gadar Jimeta, dutsen Bagale yana leƙowa ta cikin hazo. Kogi ya janye, ya bar tsibirai na rairayi da laka a tsakiyarsa, mutane kuma sun haye da kwale-kwale sun shuka abin da ya samu a kansu, sun san sarai cewa kafin Agusta ruwa zai karɓi abinsa.

Daga nan na nufi tafkin Geriyo, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedkwatarta take Yola, take da filin noman rani na shinkafa da masara da kayan lambu. Can gefe, wajen filin hukuma, na tarar da wani dattijo yana ban ruwa a 'yar gonarsa da ƙaramin inji. Bayan mun gaisa na ce, Baba, yaya gonar take yi maka? Ya ce, ɗana, da buhu ɗaya nake zuba mata ta gode, yanzu ina zuba biyu tana harara ta. Na tambaye shi ko an taɓa ɗibar ƙasar an auna masa ita, sai ya yi dariya, ya ce shi dai ya san ana auna jinin mutum a asibiti, amma bai taɓa jin an auna ƙasa ba.

Dariyar nan tasa ta tuna mini da mahaifina, wanda ya taɓa sayar da raguna biyu ya sayi takin zamani, ya watsa a jigawa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a daren, amfanin da ya samu bai mayar masa da kuɗin rago guda ba. Har ya bar duniya yana zargin mai shago da sayar masa da jabu. Sai da na girma na gane cewa mai yiwuwa takin ba shi da laifi. Buhun kamfa mai kilo 50 wanda aka rubuta wa 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7 da rabi ne kawai na naitirojin, sinadarin da yake sa ganye ya yi kore, buhun yuriya kuwa yana da kilo 23. To, wannan sinadari ba ya zama wuri ɗaya. A rairayi ruwa yakan wanke shi ya nutsa ƙasa da inda saiwa take kaiwa. Idan an bar yuriya a fili ba a rufe ta ba, wani kaso yakan bi iska. A baƙar laka da ruwa ya kwanta mata ma yakan salwanta. Taki ɗaya ne, amma kowace ƙasa da yadda take karɓarsa, kuma wanda bai san halin gonarsa ba, caca yake yi da dukiyarsa.

Masu amsar wannan tambaya ba su da nisa da Baba. Idan ka haye gada ka bi hanyar Mubi, za ka iso Jami'ar Modibbo Adama a ƙasar Girei. An kafa ta a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake samun 'yancin kanta a 1988, aka sa mata sunan Modibbo Adama a 2011, sa'an nan a 2021 aka mai da ita jami'a mai koyar da kowane fanni. A ɓangarenta na aikin gona akwai sashe guda na ilmin ƙasa. Ban da ita akwai Kwalejin Aikin Gona ta jiha a Ganye, da Jami'ar Jiha a Mubi wadda aka kafa a 2002, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola, mai horar da malamai.

Awon ƙasa ba wani abin tsafi ba ne. Akan zagaya gona a karkace, a ɗebi ƙasa daga wurare kamar 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokiti, a ɗauki kimanin rabin kilo. A ɗakin gwaji sai a shanya ta a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, sa'an nan a auna tsaminta a kan ma'auni mai lamba 0 zuwa 14, wanda 7 ce tsakiyarsa, yawancin amfanin gona kuwa sun fi son kusa da 6 zuwa 7. Sai a duba yawan rairayi da laka, da ruɓaɓɓen tsiro da ke cikinta, da sinadaran da shuka take ci, da gishiri ko kanwar da ban ruwa kan taso da ita sama idan babu magudana. Daga nan ne za a gaya wa manomi irin takin da zai saya da yawansa, ko ma a ce masa takin shanu gonarsa take nema.

Sai dai fa wannan aiki ba ya yiwuwa da allo da alli kaɗai. Sashen ilmin ƙasa, a ko'ina yake, yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da tataccen ruwa, da magungunan gwaji waɗanda yawancinsu daga waje ake sayowa, da ma'aikacin da ya iya gyaran na'ura idan ta tsaya. Yana bukatar mota da za ta kai ɗalibai daji su haƙa rami su ga yadda ƙasa take hawa-hawa da idonsu. A ganina, ƙananan kwalejoji irin ta Ganye su ne ya kamata a fi ƙarfafawa, domin daga cikinsu ake samun malaman gona da za su tsuguna a kunya da manomi, su yi masa bayani da Fulatanci ko Hausa ko Bacama ko Camba.

Akwai kuma dalilin da ya sa Adamawa ba za ta auna sau ɗaya ta naɗe hannu ba. Kogin Binuwai yana sauya ƙasar da ke gaɓarsa. A 2012 da 2022 an yi mummunar ambaliya, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, ita kuwa madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana zancenta ba a gina ta ba. Ambaliya takan bar wa wani laka mai albarka, ta binne gonar maƙwabcinsa da rairayi. Tafkin Njuwa da ke Yola, wanda ya yi suna da bikin kamun kifi, ƙasar da ruwa yake kwasowa ce ta cike shi. Gonar da aka auna kafin ambaliya, sai an sāke auna ta bayanta.

Gwamnatoci sun san da wannan magana. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa zuwa kilo 50 a kowace hekta. A 2017 aka yi dokar kafa Cibiyar Ilmin Ƙasa ta Nijeriya, kuma kowace ranar 5 ga Disamba duniya takan yi bikin ranar ƙasar noma. Amma ƙara taki ba tare da awo ba, daidai yake da ƙara wa majinyaci ƙwaya ba a san ciwonsa ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da shugabannin waɗannan makarantu da kamfanonin da suke cin moriyar ƙasar Adamawa, da su haɗa hannu su wadata ɗakunan gwaji, su rangwanta kuɗin awo, su kuma riƙa fitar da ɗalibai kasuwannin ƙauye irin ta Ngurore suna karɓar ƙasar manoma, su dawo musu da sakamako kafin shuka.

Kafin in bar Jimeta na koma wurin Baba na yi masa bayanin yadda ake ɗibar ƙasa. Ya saurara da kyau, sa'an nan ya ce, ɗana, idan na ɗebo, wa zan kai wa, kuma nawa ne? Na mika wannan tambaya tasa ga waɗanda abin ya shafa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.